Masu Riƙe da Akwatin Zaɓe: Me Suke Faɗa Idan Aka Tambaye Su?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka, kamfanonin jin ra'ayi kan hana jama'a sakat da tambaya: wa za ka zaɓa, me ya fi ci maka tuwo a ƙwarya, tsadar rayuwa ko baƙin haure? Ana zuba maƙudan kuɗi a wannan harka. Amma akwai wasu mutane 'yan dubbai da zaɓen ba ya yiwuwa sai da su, kuma an ɗauki shekaru masu yawa babu wanda ya damu ya ji ta bakinsu. Su ne ke riƙe da rajistar masu zaɓe. Su ke buga takardun ƙuri'a, su nemo makaranta ko coci ko ɗakin taro inda za a kafa rumfa, su ɗauki ma'aikatan yini ɗaya su koya musu aiki, su gwada na'urori, su ƙidaya ƙuri'a, su sa hannu a sakamako. A shekaru ashirin da suka wuce ne masana suka fara binsu da takardun tambayoyi a kai a kai, har abin ya zama fanni mai zaman kansa. Abin da suka samo yana da amfani ƙwarai, sai dai yana buƙatar mai karatu da ya san inda zai tsaya ya yi tambaya kafin ya yarda.

Da farko sai an fahimci dalilin da ya sa Amurka ta buƙaci irin wannan bincike fiye da yawancin ƙasashe. Ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa mai iko irin INEC a Najeriya. Kowace jiha ce ke tsara dokar zaɓenta, kuma yawancin jihohin sun sauke aikin a kan ƙananan hukumomi. A wasu jihohin gunduma ce ke gudanar da zaɓe, a wasu kuwa kowane gari da magatakardansa. Jihar Wiskonsin kaɗai tana da magatakardan gari kimanin 1,850, ban da na gundumominta 72. Mishigan tana da sama da 1,500. Idan aka haɗa ƙasar baki ɗaya, ofisoshin sun kai kimanin 8,000, wasu masu ƙidayar ma kan kai su 10,000, gwargwadon yadda suka lissafa wuraren da ofis biyu ke raba aikin. Wasu jami'an zaɓarsu ake yi a ƙarƙashin tutar jam'iyya, wasu a zaɓe su ba da jam'iyya ba, wasu naɗa su ake yi. Babu wani shugaba a babban birni da zai buga waya ya ce kowa ya aiko da rahoto kafin Juma'a. Wanda ke son sanin halin da zaɓe ke ciki, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya farkar da ƙasar shi ne zaɓen shugaban ƙasa na 2000. Ƙuri'u 537 ne suka raba George W. Bush da Al Gore a jihar Filorida, kuma wannan jihar ce ta yanke hukuncin zaɓen duka. A gundumar Palm Beach, jami'ar zaɓe Theresa LePore ta ƙara girman rubutun takardar ƙuri'a don tsofaffi su iya karantawa, sai sunayen 'yan takara suka bazu a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan da ake hudawa suna tsakiya. Mutane da dama suka rikice, har wani ɗan takara, Pat Buchanan, ya tashi da ƙuri'u sama da 3,000 a gundumar da babu wanda ya zaci zai samu haka. Shawara ce da mace ɗaya ta yanke a ofishinta da kyakkyawar niyya, ta girgiza ƙasa sukutum. Daga nan majalisar dokoki ta yi dokar gyaran zaɓe ta 2002, wadda ta kafa hukumar taimaka wa harkar zaɓe da ake kira EAC, ta kuma ba jihohi sama da dala biliyan 3 don sauya na'urori da gyara rajista. Tun 2004 wannan hukuma take tattara alƙaluma bayan kowane babban zaɓe: mutum nawa suka yi rajista, ƙuri'u nawa aka aiko ta gidan waya, nawa aka soke, ma'aikata nawa aka ɗauka.

Amma wannan ƙidayar kaya ce. Tana faɗin abin da ya faru a ofis, ba ta faɗin wane ne a zaune a ofishin ko me yake fama da shi. Sashen bincike na majalisar dokokin ƙasar, tare da jami'ar Texas A&M, ya yi tambayar jami'an kansu a 2005 da 2007. Kwamitin da Shugaba Obama ya kafa a 2013 don duba matsalar dogon layi a rumfuna shi ma ya sa an tambaye su, kafin ya ba da shawarar kada mai zaɓe ya jira fiye da minti 30. Sai a 2018 aka samu bincike mai ɗorewa, lokacin da cibiyar Farfesa Paul Gronke da ke Kwalejin Reed a jihar Oregon, da tallafin gidauniyar Democracy Fund, ta fara aika tambayoyi kusan kowace shekara. Cibiyar Brennan ta jami'ar New York ta fara nata a 2021. Waɗannan biyun ne jaridu suka fi ambata.

Hoton da binciken Reed ya fitar ya ba mutane da yawa mamaki. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na jami'an mata ne. Fiye da kashi 90 fararen fata ne, a ƙasar da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya ke da kaso mai tsoka. Yawancinsu sun haura shekara 50. Fiye da rabi zaɓarsu aka yi. Kimanin rabin ofisoshin ma'aikaci ɗaya ne tak ke aikin zaɓe cikakken lokaci, ko ma babu ko ɗaya. A ƙananan garuruwa zaɓe ɗan ɓangare ne na aikin magatakarda: ita ce mai ba da takardar aure, ita ke ajiye takardun filaye, ita ke rubuta bayanin zaman majalisar gari, wani wurin har lasisin kare ita ke bayarwa. Wannan ce matar da aka ɗora wa kare rajista daga masu kutsen intanet na ƙasashen waje, bayan gwamnatin tarayya ta ayyana kayan zaɓe cikin muhimman kadarorin ƙasa a Janairun 2017. Ni a ganina, ko da binciken bai samo komai ba sai wannan, ya biya kuɗinsa. 'Yan majalisa kan rubuta doka suna hango ofis mai lauya da masanin kwamfuta da jami'in hulɗa da jama'a, alhali a dubban wurare mutum ɗaya ne zai karanta dokar, ya fassara ta, ya aiwatar da ita, wayar ofis tana ta ƙara a gefensa.

A nan ne kuma babban tarkon yake, kuma ya kamata a daɗe a kansa. Gundumar Los Anjeles tana da masu rajista sama da miliyan 5, ta fi yawancin jihohin ƙasar yawan masu zaɓe. Akwai garuruwa a Wiskonsin da masu zaɓensu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A takardar tambaya, shugaban zaɓen Los Anjeles mutum ɗaya ne, magatakardar ƙauyen ma mutum ɗaya ce. Masana irin su David Kimball da Brady Baybeck sun nuna girman wannan tazara tun 2013, binciken Reed kuma ya tabbatar: kimanin kashi uku cikin huɗu na jami'an suna kula da ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na masu zaɓe, 'yan tsirarun manyan ofisoshi kuma su ke ɗauke da mafi yawan jama'a. Kamar mutum ne ya ce zai auna kasuwancin yadi a Kano, ya ba mai tebur a bakin titi murya ɗaya, ya ba dilan Kantin Kwari da ke sauke tirela murya ɗaya. Idan halin 'yan kasuwa yake son sani, daidai ne. Idan kuwa yana son sanin inda yawancin masu saye ke samun yadinsu, ya yi kuskure babba.

Saboda haka jimla guda kamar “yawancin jami'an zaɓe sun ce kaza” tana iya zama gaskiya a kan jami'ai ta zama ƙarya a kan masu zaɓe. Dogon layi, alal misali, matsalar manyan birane ce. Idan aka tambayi jami'ai 8,000, mafi yawansu za su ce ba su taɓa ganin layin awa ɗaya ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma miliyoyin mutane suna zaune ne a 'yan wuraren da layin yake. Haka batun jinsi da launi da albashi: a manyan gundumomi an fi samun maza, an fi samun masu digiri na biyu, albashin ya ninka, kuma an fi naɗawa a kan zaɓa. Masu binciken Reed sun san da haka. Sukan tabbatar manyan ofisoshi sun shiga cikin waɗanda za a tambaya, su tsamo ƙananan ta hanyar ƙuri'a, daga baya su daidaita nauyin amsoshin, kuma rahotanninsu kan rarraba sakamako gwargwadon girman ofis. Matsalar takan taso ne a hanya, tsakanin rahoto da kanun labari, inda teburi mai layi biyar yake komawa lamba ɗaya.

Sai zaɓen 2020 ya zo ya sauya komai. An yi shi cikin annobar korona, masu aiko da ƙuri'a ta gidan waya suka ninka, tsofaffin da suka saba aikin rumfa suka janye don tsoron cuta. Kuɗi suka yi ƙaranci har sai da Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan suka ba da kimanin dala miliyan 350 ta hannun wata ƙungiya mai zaman kanta, aka raba wa ofisoshi kusan 2,500. Daga baya jihohi sama da 20 suka haramta karɓar irin wannan gudummawa. Bayan Donald Trump ya ƙi amincewa da shan kaye, fushin magoya bayansa ya sauka a kan mutanen da a da ko sunansu ba a sani ba. Al Schmidt, tsohon kwamishinan zaɓe a Filadelfiya kuma ɗan jam'iyyar Republican, ya shaida wa kwamitin majalisa a 2022 yadda aka riƙa aiko da barazana ɗauke da sunayen iyalinsa da adireshin gidansa. Ruby Freeman da 'yarta Shaye Moss, ma'aikatan ƙidaya a gundumar Fulton ta jihar Jojiya, an yi musu ƙazafin maguɗi har uwar ta bar gidanta. A Disambar 2023 kotu ta umarci Rudy Giuliani, wanda ya yaɗa ƙazafin, ya biya su dala miliyan 148. A Nuwamban wannan shekarar aka aika wasiƙu masu ɗauke da farin gari, wasunsu da ƙwayar fentanil, zuwa ofisoshin zaɓe a jihohi da dama.

Labarai ne masu tayar da hankali, amma labari ɗaya-ɗaya ba ya faɗin yawan abin. Nan binciken Brennan ya shigo. A 2021 kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda suka amsa suka ce ba sa jin suna cikin aminci saboda aikinsu. A 2022 ɗaya cikin shida ya ce an yi masa barazana, ɗaya cikin biyar kuma ya ce da wuya ya kai zaɓen 2024 a kan kujerarsa. A 2023 kashi 30 cikin ɗari suka ce sun fuskanci barazana ko tsangwama ko cin zarafi, a 2024 adadin ya kai 38. Waɗannan alƙaluma sun yi aiki. An karanta su a zauren majalisa, jihohi da yawa sun yi dokokin ɓoye adireshin ma'aikatan zaɓe da tsananta hukuncin masu yi musu barazana, an sa gilashi mai kauri da kyamarori a ofisoshi. Mutumin da ke zaune shi kaɗai a ofis yana karɓar zagi ta waya ya gane ba shi kaɗai ba ne, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, mai son gaskiya zai lura da abu uku ko huɗu. Tambayar 2022 a kan barazana take, ta 2023 kuwa ta haɗa barazana da tsangwama da cin zarafi a kwando ɗaya. Wanda ya jera “ɗaya cikin shida” da “kashi 30” ya ce abin ya kusa ninkawa a shekara guda, ya kwatanta abubuwa biyu da ba iri ɗaya ba ne. Sannan su wa suka amsa? A irin waɗannan bincike, cikin dubban da ake aika wa, 'yan ɗaruruwa ne zuwa dubu ɗaya ke dawo da amsa. Mai yiwuwa wadda aka yi wa barazana ta fi ɗokin amsawa, don ta samu inda za ta amayar da abin da ke cikinta, sai adadin ya kumbura. Mai yiwuwa kuma akasin haka: wanda abin ya fi ƙona wa rai ya riga ya ajiye aiki, takardar ta tarar da sabon mutum a kujerarsa, sai adadin ya kasa gaskiya. Akwai kuma wanda ba zai buɗe saƙon ba sam, don an horar da shi kada ya taɓa saƙon imel daga wanda bai sani ba, dalilin da ya sa masu binciken Reed ke haɗawa da takarda ta gidan waya. Sunan mai tambaya ma yana da tasiri. Cibiyar Brennan an san ta da kare haƙƙin masu zaɓe da kai jihohi ƙara, kuma magatakarda mai ra'ayin riƙau a karkara tana iya ganin sunan ta ture takardar gefe. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba. Yana nufin a karanta shi a matsayin shaidar waɗanda suka yarda su yi magana.

Hanyar da ta fi ita ce a gwada amsar baki da abin da ke rubuce. Aka yi ta cewa jami'ai na tserewa daga aikin tun bayan 2020. Sai wasu masana daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Joshua Ferrer da Daniel Thompson, tare da cibiyar Bipartisan Policy Center, suka bi sunayen masu riƙe da ofisoshin tun daga shekarar 2000, suka fitar da rahoto a 2024. Sun tarar sauyin jami'ai cikin kowace shekara huɗu ya tashi daga kashi 28 cikin ɗari a 2004 zuwa 39 a 2022. Ya ƙaru, babu shakka, kuma ya ƙara sauri bayan 2020, musamman a manyan gundumomi. Amma hawan ya faro tun shekaru da yawa kafin Trump, kuma yawancin masu maye gurbin ba baƙin aikin ba ne, mataimaka ne da suka shekara da shekaru a ofishin. Wato barazana gaskiya ce, amma ta tarar da gida da ma yana yoyo: tsufa, ƙarancin albashi, da aikin da kullum ƙaruwa yake.

Wannan ɓangaren ne nake ganin an fi zalunta wajen yaɗa labari. Barazana tana da amo, ita ke samun kanu. Abin da jami'an ke nanatawa shekara bayan shekara kuwa ba shi da amo: kuɗi ba sa isa, ɗaki ya yi kaɗan, dokoki na sauyawa ana gab da zaɓe, samun ma'aikatan rumfa na da wuya. A watan Agustan 2022 wani attajiri mai goyon bayan Trump, Mike Lindell, ya kira mabiyansa su nemi wasu bayanan na'urorin zaɓen 2020 kafin wa'adin wata 22 da doka ta ce a ajiye su ya cika. Takardun neman bayani suka yi wa ofisoshi ambaliya, kalmominsu iri ɗaya, kuma doka ta wajabta a amsa kowace, ana saura 'yan makonni zaɓen tsakiyar wa'adi. Babu wanda ya zagi kowa, amma ofis mai mutum ɗaya ya durƙusa. Binciken Reed ya kama wani abu da ya fi kowace lamba taɓa ni: har yanzu mafi yawan jami'an suna cewa suna jin daɗin aikinsu kuma suna alfahari da shi, amma masu cewa za su ƙarfafa wa ɗansu ko 'yarsu gwiwar shiga aikin sun ragu da kusan rabi tsakanin 2020 da 2024. Mutum yana iya ɓoye gajiyarsa idan aka tambaye shi kai tsaye. Idan aka tambaye shi a kan ɗansa, sai gaskiya ta fito.

Akwai kuma iyakar da tambaya ba ta iya tsallakewa, don jami'in zaɓe shaida ne kuma yana cikin shari'ar. Binciken majalisa na 2005 da 2007 ya gano wani abu mai koyarwa: kowane jami'i ya fi yabon irin na'urar da yake amfani da ita, ya kushe sauran. Mai na'urar taɓa allo ya ce tasa ce gaba, mai na'urar karanta takarda ya ce tasa. Ba duka za su yi daidai ba. Haka idan aka tambaye su ko ƙidayar gundumarsu ta inganta, kusan kowa zai ce ƙwarai kuwa. Wa zai ce aikinsa bai yi kyau ba? Sannan babu jami'in da zai rubuta a takarda cewa yana nuna bambanci. Amma a 2012 wasu masana uku, Ariel White da Noah Nathan da Julie Faller, sun aika saƙonnin imel ga jami'ai sama da 7,000 a jihohi 48, suna tambayar abin da ake buƙata don kaɗa ƙuri'a. Saƙon iri ɗaya ne, sunan mai aikowa kawai aka sauya: wani suna na Bature, wani na ɗan asalin Latin Amurka. Masu suna na biyun sun fi rasa amsa da tazarar kusan kashi 5 cikin ɗari. Tazarar ba ta da girma sosai, amma tana nan, kuma da tambaya aka yi da ba za a taɓa ganinta ba. Irin wannan gwaji yana da nasa laifin, don ya ci lokacin ma'aikata ba da saninsu ba, kuma yana sa su ƙara shakkar duk saƙon da ya shigo.

Duba ayyuka wani lokaci wanke su yake yi. Tunda da yawansu da tutar jam'iyya suka hau, zargi ya daɗe cewa kowa na karkata zaɓe wajen jam'iyyarsa. Ferrer da Thompson da abokin aikinsu Igor Geyn sun duba gundumomin da ɗan Democrat ko ɗan Republican ya ci kujerar da ƙyar, suka kwatanta zaɓukan da suka biyo baya, suka tarar da wuya a ga bambanci a yawan fitowar jama'a ko kason da kowace jam'iyya ta samu. Akwai baragurbi, ba a musu. Tina Peters, tsohuwar magatakardar gundumar Mesa a Kolorado, kotu ta yanke mata shekara 9 a Oktoban 2024 saboda ta ba wani daga waje damar shiga na'urorin zaɓen gundumarta. Amma mutum ɗaya ce cikin dubbai, kuma amfanin ƙidaya ke nan: ta hana a shafa wa kowa kashin kaji saboda ɗaya, ta kuma hana a ce babu ɗayan.

Ba Amurka kaɗai ke wannan aikin ba. A Birtaniya, Alistair Clark da Toby James sun tambayi ma'aikatan rumfuna bayan babban zaɓen 2015. A lokacin 'yan siyasa na ta maganar masu zuwa su yi zaɓe da sunan wani. Ma'aikatan suka ce wannan da wuya su gan shi. Abin da suka fi gani shi ne mutum ya zo da niyyar zaɓe a tarar sunansa ba ya cikin rajista, a mayar da shi gida. Muhawarar majalisa tana gabas, matsalar rumfa tana yamma, kuma wanda ya yini a kan teburin ne ya iya faɗa.

Mu a Najeriya tsarinmu daban ne, kuma bai kamata a kwafo na wasu ido rufe ba. INEC tana da baturen zaɓe a kowace ƙaramar hukuma cikin 774, ma'aikacin hukuma ne, ba zaɓarsa ake yi ba, kuma umarni daga sama yake sauko masa ta hannun kwamishinan zaɓe na jiha. A ƙarƙashinsa akwai mazaɓu 8,809 da rumfuna 176,846 a faɗin ƙasa, da rundunar ma'aikatan wucin gadi, da yawansu matasa masu yi wa ƙasa hidima. Amma abin da ya sa ake tambayar jami'in Amurka yana nan a wurinmu, har ya fi. An dakatar da zaɓen 'yan majalisar tarayya na 2 ga Afrilun 2011 bayan an fara shi a wasu wurare, don takardun sakamako ba su iso ba. An ɗage na 16 ga Fabrairun 2019 da tsakar dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna. A 25 ga Fabrairun 2023 rumfuna da yawa ba su buɗe a kan lokaci ba, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira da wahalar mai. Kafin kowa ya ji a rediyo, baturen zaɓe ya san direbobi nawa suka zo, nawa suka ce sai an biya su kuɗi a hannu, wace mazaɓa ce sai da kwale-kwale ko babur, ina ne na'urar tantance masu zaɓe ba za ta samu sabis ba. Batun tsoro kuwa, wanda ya tuna masu hidimar ƙasa da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011, da gomman ofisoshin INEC da aka kai wa hari daga 2019, ba sai an yi masa bayani ba.

INEC takan kira tarukan bita bayan zaɓe, ta yi hakan bayan na 2023, kuma abu ne mai kyau. Sai dai taro a gaban shugaba daban yake da takardar da babu suna a kanta. Magatakardar Wiskonsin da jama'ar garinta suka zaɓa tana iya rubuta cewa dokar jiharta ba ta da kan gado, babu abin da zai same ta. Baturen zaɓen da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa ke hannun wanda ke tambayar, “ranka ya daɗe, komai ya tafi daidai” zai ce, kuma ba za a ga laifinsa ba. Idan za a yi irin wannan bincike a nan, jami'a ce ko wata cibiya da ba ta biyan albashinsu ya kamata ta riƙe amsoshin, da amincewar hukuma don kada amsawa ta zama laifin fallasa sirrin ofis, kuma kada a fitar da sakamako ta yadda za a gane mai magana. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 8 kamar Bayelsa, faɗin sunan jiha kaɗai ya kusa zama faɗin sunan mutum. Muna da sauƙi guda da Amurkawa ba su da shi: 774 adadi ne da za a iya tambayar kowa da kowa, ba sai an tsamo wasu ba. Tarkon girma kuwa yana nan, don Alimosho ta Legas da ƙaramar hukumar karkara mai masu zaɓe 'yan dubbai kowacce baturen zaɓe ɗaya gare ta.

Tambayoyin ma a bar na “shin ka gamsu da yadda zaɓe ya gudana”, don amsarsu sananniya ce. A tambayi abin da za a iya gwadawa da takarda: ƙarfe nawa kayan zaɓe suka bar ofishinka, motoci nawa aka yi alkawari kuma nawa suka zo, yaushe kuɗin ma'aikatan wucin gadi ya shiga, cikin waɗanda aka horar mutum nawa ne suka bayyana ranar zaɓe, sau nawa wani mai muƙami ya kira ka a waya tsakanin rufe rumfa da sanar da sakamako. A yi shi cikin makonnin farko bayan zaɓe, kafin a yi wa mutane canjin wurin aiki kuma kafin ƙararraki su rufe bakin kowa, sannan a maimaita tambayoyin da kalmominsu ba sauyi a zaɓe na gaba, a haɗa da jami'an hukumomin zaɓe na jihohi masu gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi.